Marubucin Hausa: Shi Ne Mai Alƙalami, Shi Ne Ɗan Dako

Idan ka ɗauki sunayen mutanen da suka cika gidajen Hausawa da littattafai daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, ka bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da yawa daga cikin manyansu ba su yi karatun boko yadda aka saba ba. Wata an cire ta daga firamare aka yi mata aure. Wani sai da ya zama saurayi sannan ya shiga makarantar dare. Kuma kusan babu wanda wani kamfanin ɗab'i ya kira ya ce masa kawo rubutunka mu buga. Da kuɗin aljihunsu suka buga, su suka kai kasuwa, su suka riƙa sintirin karɓar ciniki.

Ba haka aka faro ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun hukuma ya tashi. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai don a samu abin karantawa a makarantu. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Dukkansu maza ne, 'yan boko, masu cin albashi. Hukuma ce ta nema, ita ta tace, ita ta buga, ita ta raba wa makarantu. Haka aka ci gaba a ƙarƙashin Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA, har zuwa NNPC ta Zariya da aka kafa a 1966, ta littattafai nake nufi, ba ta man fetur ba.

Ko Hafsatu Abdulwaheed, wadda ake lissafawa a matsayin macen da ta fara fitar da ƙagaggen labari na Hausa, ta wannan ƙofa ta shigo. Littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980 ne saboda ya yi nasara a gasar NNPC. A 1982 wata gasar ta Gwamnatin Tarayya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Idan ba a shirya gasa ba, sai mutum ya zauna da rubutunsa a akwati, ya yi ta jira.

Sai abu biyu suka haɗu a lokaci guda. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya yaye dubban yara da suka iya karanta Hausa, kuma a Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, matan aure da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka shiga aji. A ɗaya gefen kuwa tattalin arziki ya karye. Farashin mai ya faɗi, shirin SAP na 1986 ya durƙusar da naira, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan manhaja waɗanda suke da tabbacin makarantu za su saya. Ga masu karatu sun yi yawa, ga babu sabon abin karantawa. Yarinyar da ta gama Magana Jari Ce sau uku, me za ta ɗauka kuma?

A wannan giɓi ne Talatu Wada Ahmed ta buga Rabin Raina da kanta a tsakiyar shekarun 1980, kuma da aka ga ya karɓu, sai hanya ta buɗe.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai cikin 'yan wannan zango ita ce Balaraba Ramat Yakubu. An haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed. Mutum zai ɗauka 'yar irin wannan gida ba za ta rasa makaranta ba, amma tana da shekara 13 aka yi mata aure da wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma auren bai kai shekara 2 ba ya mutu. Daga baya ne ta koma karatu ta ajin manya. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa dalilin da ya sa take rubutu da Hausa shi ne ba a bar ta ta yi nisa a boko ba. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?

Wanda ya karanta Wa Zai Auri Jahila? ya kuma san tarihin marubuciyar, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abu, yarinyar labarin, an cire ta daga makaranta an aurar da ita ga tsoho, Sarkin Noma, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kwikwiyo Ne kuwa babu ma soyayyar da ake ta zargin waɗannan littattafai da ita. Rabi ce, uwar 'ya'ya 9, mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da yaranta. Lissafin cefane ne, da kuɗin makaranta, da kayan ɗakin 'ya. Ban san wani littafin Hausa kafin shi da ya zauna a tsakar gida ya ƙirga abin da saki yake jawo wa mace kwabo-kwabo kamar yadda wannan ya yi ba. A 2012 Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Turanci, kuma wanda ya buga fassarar wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya. Ba Legas ba, ba Ibadan ba, ba Zariya ba. Duk sanda na tuna wannan sai na ji kunya ta kama ni a madadin kamfanoninmu.

Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma ta bayan gida ya shigo boko. An haife shi a 1964, ya tashi a Zangon Barebari cikin birnin Kano, ya yi karatun allo da na littattafan addini, sai da ya kai kimanin shekara 20 ya shiga makarantar manya ta yamma, ya bi ta sakandaren dare, daga baya ya yi difloma a Jami'ar Bayero. In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, ya zama littafin da ko wanda bai karanta ba ya ji labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, da rijiyar da ta faɗa don kada a aura mata wanda ba ta so. Akwai gidajen da aka hana shiga da littafin saboda wannan rijiya. Hanin ma ya ƙara masa kasuwa. Shi ya rubuta, shi ya buga a ƙarƙashin sunan Gidan Dabino, shi ya mayar da shi fim a 1994. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, kuma matasan yanzu da yawa sun fi saninsa da Malam Adamu na shirin Kwana Casa'in fiye da marubuci.

Su biyun nan, tare da irin su Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa, suna cikin ƙungiyar Raina Kama. Akwai kuma Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Waɗannan ƙungiyoyi su suka tsaya a gurbin kamfanin da babu shi. Sabon marubuci zai kawo rubutunsa a littafin makaranta mai layi, 'yan ƙungiya su karanta su gyara, a nuna masa mai buga keken rubutu, a haɗa shi da mai zanen bango da maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba, a sa tambarin ƙungiya a bango don mai saye ya amince. Daga wajen Kano ma an samu irin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, wadda Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni suka sa sunanta ya shiga kowane ɗakin amarya.

Wanda bai riƙe irin littafin nan a hannu ba, bari in kwatanta masa. Siriri ne, ba ya wuce a ninke shi a sa a aljihun riga ko a cusa cikin littafin lissafi a aji. Takardarsa irin ta jarida ce, mai saurin yin ja. Ƙusar waya biyu ce ta riƙe shi a tsakiya, kuma idan ya zaga hannu goma, shafin tsakiyar shi ke fara ɓacewa, daidai inda labari ya ɗau zafi. A bango akwai zanen budurwa da saurayi, daga baya aka koma sa hoton 'yan fim. A ciki akwai sadaukarwa, da jerin gaisuwa ga ƙawaye da 'yan'uwa da zai ci shafi guda, wani lokaci da wasiƙun masu karatu. A ƙarshe kuma sai a yanke labarin a tsakiyar tashin hankali a ce a nemi littafi na biyu. Mutane suna ɗauka wayo ne kawai na jan rai. Akwai wayon, amma babban dalilin jari ne: kuɗin da aka samu a na ɗaya da shi ake sayen takardar na biyu. Idan na ɗaya bai tafi ba, na biyu ba zai taɓa fitowa ba, kuma akwai labarai da dama da har yau masu karatunsu ba su san ƙarshensu ba.

Daga maɗaba'a sai shagunan bakin Kasuwar Kurmi da na Sabon Gari. Daga nan 'yan sari suke ɗauka zuwa Kaduna da Sakkwato da Jos da Maraɗi da Damagaram. Ciniki kuwa bashi ne. Ina saurayi na taɓa zama a wani shago ina jiran a ɗauko mini littafi, sai ga wata marubuciya ta shigo da mayafinta da jakarta, ta gaida mai shago ta zauna a benci. Bayan an gama gaisuwa ta ce, "Alhaji, na zo ne a kan maganar nan, mai maɗaba'a ya matsa mini." Ya buɗe wani dogon littafin lissafi ya duba ya ce, "Hajiya, wallahi kasuwar ce sai a hankali, 'yan ƙauye ba su shigo ba. Ga wannan ki rage zafi, ki dawo bayan sallah." Ya ƙirgo 'yan kuɗi ya miƙa mata. Ina kallon inda aka jera littafinta, saura kwafi kaɗan a kan kanta. Ba ta ce komai ba, ta karɓa ta yi godiya, don gobe ma shi za ta kawo wa na biyu.

Ga kuma masu haya. A unguwarmu akwai mai teburin da kake ba shi 'yan kuɗi ka tafi da littafi ka dawo da shi washegari. Kwafi ɗaya sai ya ratsa gida ashirin, marubucin kuwa kuɗin kwafi ɗaya ya gani, in ma ya gani. Haka gidajen rediyo suke karanta littafi dare bayan dare, marubuci ya samu suna, aljihu ya zauna yadda yake.

Malaman jami'a ba su yi maraba da abin ba da farko. Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano a farkon shekarun 1990, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan da aka yi yayi a kasuwar Onica, yana ganin abu ne mai wucewa. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, aka shekara da shekaru ana gwabzawa a shafukan jaridu irin su New Nigerian. Ni a ganina kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Malumfashi bai yi ƙarya ba da ya ce akwai sakaci: ƙa'idar rubutu a karye, labari ɗaya a sake masa suna sau goma, wani ma fim ɗin Indiya ne aka sa wa hula da ɗankwali. Amma masu kare su sun fi shi hango nesa. Waɗannan littattafai su suka koya wa mata da yawa karatu a ɗakunansu, su suka fara maganar auren dole da kishi da saki da muryar waɗanda abin ya shafa. Kuma sakacin da ake magana, rashin edita ne ya kawo shi. Wanda yake marubuci kuma mai tacewa kuma ɗan dako kuma mai bin bashi, yaushe zai zauna ya sake karanta shafi na 40?

Da fim ɗin bidiyo ya kankama a ƙarshen shekarun 1990, marubuta da yawa suka bi shi, don a can kuɗi ya fi saurin juyawa. Bala Anas Babinlata ya koma shirya fim. Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, kodayake bai ajiye alƙalami ba, don a 2003 ya fitar da 'Yartsana. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, wanda yau kowa ya sani da waƙa, da littattafan labari ya fara, irin su Cin Zarafi da Baƙar Aniya. Hanyar da ya bi zuwa situdiyo ita ce hanyar mafi yawan masu waƙar Hausa na yanzu. A zamanin su Aƙilu Aliyu ana tattara waƙoƙin sha'iri a buga diwani, kamar Fasaha Aƙiliya. Yau wanda ya rubuta baitoci masu ma'auni da amsa-amo, situdiyo yake nufa, don babu mai sayen waƙa a takarda. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014, irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka samu abin da marubucin Hausa bai saba da shi ba, wato albashi a kan rubutu.

Hukuma kuwa, da ta waiwayo, ba da jari ta zo ba. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata, kuma a shekarar da ta biyo baya Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa. An yi ta ja-in-ja da ƙungiyoyin marubuta. Ba na musun cewa akwai littattafan da ban so 'yata ta karanta ba. Amma wanda bai taimaka maka da takarda ko edita ba, ranar da ya fara zuwa wurinka ya zo da ashana, da wuya ka ɗauke shi mai son gyara.

Don a ga bambancin hanya, a dubi Abubakar Adam Ibrahim. Ɗan Jos ne, an haife shi a 1979, ya yi digirin aikin jarida a Jami'ar Jos, ya yi aiki a Daily Trust. Da Turanci yake rubutu. Kamfanin Parrésia na Legas ya buga masa tarin gajerun labarai The Whispering Trees a 2012, sannan Season of Crimson Blossoms a 2015, Cassava Republic ta fitar da shi a Ingila, a 2016 kuma ya ci kyautar adabi ta NLNG, dala 100,000. Labarin nasa na wata bazawara Bahaushiya ce mai shekara 55 da wani matashi ɗan daba, abin da in da Hausa aka rubuta shi aka kai Kurmi, Allah kaɗai ya san irin ƙurar da za ta tashi. Gwani ne, ba na rage masa komai. Amma ya samu edita, ya samu yarjejeniya a rubuce, ya samu masu fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci. Balaraba ta shekara 22 tana jira kafin Alhaki Kwikwiyo Ne ya samu fassara ɗaya.

Yanzu kasuwar ta koma cikin waya. Shagunan da suke cike da littattafan labari sun koma sayar da na makaranta da na addini. Marubuciyar yau a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook take farawa, ta saki shafukan farko kyauta, labari ya ɗau zafi sai ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki a sa shi a rukunin waɗanda suka biya. Dabarar littafi na ɗaya da na biyu ce ta dawo da sabuwar riga. Ta huta da mai maɗaba'a da mai shago, kuma matar da ke cikin kulle a Gusau ko Azare tana iya tara masu karatu ba tare da ta taka Kano ba. Sai dai tsohon ciwon yana nan. Mutum ɗaya zai biya ya kwafe ya watsa a rukuni goma, wani ya ɗauka ya karanta a YouTube ya ci kuɗin talla. Edita har yanzu babu, ƙa'idar rubutu ma ta fi ta da lalacewa. Ga kuma saurin ɓacewa: OkadaBooks, manhajar da marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023.

Abin da ya ɗan dawo da tsohuwar ƙofar gasa shi ne Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinye ta da labarin Sansani, a kan 'yan gudun hijira. Maimuna Idris Sani Beli ta biyo baya a 2017, a 2022 kuma Amira Souley daga Maraɗi ta ɗauke ta da Garar Biki, wanda ya tuna wa mutanen Najeriya cewa alƙalamin Hausa bai tsaya a kan iyaka ba. Amfanin gasar a wurina ya wuce kuɗin kyautar. Ta tilasta wa marubuta su taƙaita, su bi ƙa'ida, su san akwai alƙalan da za su karanta da jan biro a hannu. Amma gasa sau ɗaya ce a shekara, kuma gajeren labari ne. Wadda ta ci, washegari wa zai buga mata cikakken littafi?

Akwai kuma maganar ajiya, wadda ta fi damuna. Littattafan shekarun 1990 a takarda mai rauni aka buga su, ba su da lambar rajista, da yawa ko shekarar bugu babu a jikinsu. Wasu marubutan su kansu ba su da kwafin littafinsu na farko. Ɗaya daga cikin manyan tarin waɗannan littattafai yana makarantar SOAS a Landan, inda Graham Furniss ya tattara su. Ɗalibin da ke Kano yana iya shan wahalar neman littafin da aka buga a Fagge fiye da wanda ke zaune a Ingila.

Saboda haka, mai karatu, idan akwai tsohuwar jaka ko akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyarka ko yayarka mai cike da waɗannan littattafai, kada a ba mai ƙosai ta naɗe kaya da su. A kakkaɓe su, a haɗa na ɗaya da na biyu da na uku, a kai sashen Hausa na jami'a ko kwalejin da ta fi kusa, ko a ɗauki hoton kowane shafi a adana. Idan kuma marubuciya ta ce kuɗin labarinta naira kaza ne, a biya ta, a daina jiran wanda zai turo na sata.